Littafin da Sitati Ya Ƙona

Sitati ake ce masa a layinsu, kuma sunan bai tsaya ga sana'a kaɗai ba. Mai wanki da guga ne, amma shi kansa mutumin kamar an tsoma shi a ruwan sitati an shanya. Dogo ne, a miƙe, ba ya tanƙwaruwa, in yana tafiya sai ka rantse rigarsa ce ke riƙe da shi. Ba ya dariya sai da dalili, dalilin ma sai ya juya shi ya duba bayansa.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne tsakanin mai aski da mai gyaran waya. Akwai dogon teburi da aka lulluɓe da tsohon bargo, aka shimfiɗa farin ƙyalle a kai. Dutsen guga na lantarki yana nan, na gawayi ma yana nan, domin wutar lantarki ba ta da alƙawari. Ga robar ruwa da ya huhhuda murfinta yana yayyafi da ita, ga igiyoyin shanya a bayan shago, ga kanta inda kayan mutane ke jere cikin farar leda. A wurin kawunsa ya koyi aikin, tun sai an ajiye masa bulo ya taka kafin ya kai teburin. Kawun nan bai bar masa gadon komai ba sai magana ɗaya da ya yi ta nanata masa har ta zauna masa a ƙashi: kayan mutane, yadda aka kawo maka, ka mayar da su sun fi haka. Shi ya sa Sitati bai taɓa zura rigar wani ya je taro da ita ba, abin da wasu abokan sana'arsa suka mayar ba komai ba. In ya tarar maɓalli ya yi lako-lako sai ya ɗinke, ba kuma zai faɗa wa mai rigar ba.

Makaranta kuwa ɗanɗana ta kawai ya yi. Ya yi 'yan shekaru a firamare kafin teburin guga ya janye shi. Yana karatu, amma irin tafiyar wanda ba takalmi a kan tsakuwa.

Matarsa tana aikin shara da goge-goge a wani asibiti, ta fita da safe sai yamma. 'Yarsu ɗaya ce, kuma a shagon ta tashi, a ƙarƙashin teburi, cikin ƙamshin sabulu da tururi. Mai aski ne ya sa mata Aku, don duk abin da aka faɗa a gabanta sai ta maido shi da muryar mai shi. Takan yi mai gyaran waya yana rantsuwa cewa ba shi ya ɓata ba, takan yi uwarta tana faɗan an bar mata kwanuka. Ubanta ma tana yin sa, sai dai in ya juya baya.

Ranar da Aku za ta shiga aji ɗaya, Sitati ya goge mata kayan makaranta har karin siket ɗin zai iya yanka hannu. Ya rufe shago, abin da ba ya yi sai da babban dalili, ya riƙe hannunta har harabar makaranta. An tara iyaye a rana, yara a gaba sun yi cirko-cirko, wasu na kuka, wasu na kallon masu kukan. Hedimasta ya hau dandamalin siminti inda ake taron safe, ya ɗaga wani ɗan littafi mai koren bango.

"Iyaye, ku buɗe kunnuwanku," in ji shi. "Littafin karatun nan ba kyauta ba ne, aro ne. Kowane zango za a ba kowane yaro guda ɗaya, ya je gida da shi, ya dawo da shi kullum. Ƙarshen zango za a karɓa a duba. Duk wanda ya ɓata nasa, yagewa ne ko datti ko naɗe gefe, zai hau nan inda nake tsaye ya ɗaga shi kowa ya gani. Kuma ba za a sake ba shi wani ba har shekara ta fita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Bai tsaya nan ba. Ya yi bayani a kan maiƙo, ya yi a kan ruwa, ya yi a kan ƙannai masu rarrafe, ya yi a kan ɓeraye da kyankyasai. Rana ta dafa iyaye har suka fara fifita da mayafai da huluna. Duk tsawon jawabin nan, abu ɗaya ne bawan Allah bai samu sararin faɗa ba, wato a zauna da yaro a gida a karanta littafin.

Sitati kuwa maganar ta shige shi kai tsaye, don yarensa aka yi masa. Kayan aro, a mayar ba tabo. Ai wannan tun yana kan bulo ya haddace shi.

Kada a ce bai gwada ba. Ran nan da rana ya kawar da kayan guga gefe, ya ɗora Aku a kan teburi, ya buɗe littafin. Takardar siririya ce kamar ɓawon albasa, an kama tsakiyarta da 'yar waya. Wanda ya buga shi dai bai taɓa ganin hannun yaro ba, ko kuma ya gani bai damu ba. A shafin farko akwai kyanwa a kan bokiti. Aku ta yi tsalle don murna, ta lashi yatsa yadda ta ga manya na yi, ta finciki shafin don ta ga abin da zai sami kyanwar. Sai ji suka yi ƙyat, takardar ta tsage daga jikin wayar.

Sitati ya ƙura wa tsagar ido. Nan take ya hango 'yarsa a kan dandamali, hannu a sama, makaranta duka na kallonta, a makonta na farko. Ya dama sitati mai kauri, ya yanko siririn farar takarda, ya liƙe tsagar ta ciki da tsinke, ya ɗora ƙyalle ya bi da dutse mai ɗumi-ɗumi. Da ya gama, ko wanda ya buga littafin ba zai gane ba. Ya zura shi cikin farar leda irin ta kayan mutane, ya naɗe bakin. Sannan ya kama hannun Aku, ya ɗaga mata shi a gaban fuskarta.

"Kin ga hannun nan naki? Kada ya sake taɓa littafin nan. Kin ji ko?"

"Na ji, Baba."

"In kina son gani, ni zan buɗe miki."

To, yaushe? Mai guga hannunsa ba ya zama, in babu dutse a ciki akwai kumfa. Littafi ya koma kwana a saman kanta, tsakanin rigunan wani lauya da zannuwan gadon wani otel. Da safe a saka mata shi a jaka cikin ledarsa, da rana a ciro a mayar. Aku takan tsaya tana kallon koren bangon ta cikin leda, kamar kaza da tsaba a kwalba.

Uwarta ta yi magana tun a makon farko.

"Baban Aku, littafi ne fa, ba rigar lauya ba."

"Ba ki je taron ba, ba ki ji abin da aka ce ba," ya amsa. "Karatu a makaranta ake yi, shi ya sa aka ajiye malamai. Mu namu mu adana."

Ta dube shi, ta ga sitatin ya riga ya bushe, ta ƙyale shi. Ta wuni tana goge daɓen asibiti, ba ta da sauran ƙarfin goge taurin kan miji.

Abin da ya ƙara rufe masa ido, yarinyar ta fara dawowa da karatu a baki. Tana ajiye jaka za ta tsaya a tsakiyar shago, ta sa hannu a baya, ta fara: "Ga kyanwa. Kyanwa ta hau bokiti. Bokiti ya faɗi. Ku na baya can ku yi mini shiru. Kyanwa ta jiƙe." Har da tarin Malama take haɗawa. Kafin tsakiyar zango ta iya littafin daga bango zuwa bango. Sitati yakan kira mai aski ya zo ya ji, ya tsaya yana gyara wuyan riga kamar shi ya rubuta.

Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙarshen zango aka kira taron iyaye, aka jera littattafan a kan teburi a gaban dandamali. Hedimasta ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana taɓe baki, har ya iso kan wani da ke cikin farar leda. Ya zare shi, ya juya gaba, ya juya baya, ya shinshina.

"Na wane ne wannan? Ina uban yarinyar? Tashi, malam, a gan ka. Jama'a, ku dubi littafin nan, kamar yau aka sauke shi daga mota. Wannan shi ne gidan da ya san darajar ilimi. A tafa masa."

Aka tafa. Sitati ya tsaya a miƙe, kuma gaskiya ya ji daɗi, daɗin da ya daɗe bai ji irinsa ba. Shekara da shekaru yana mayar wa mutane kayansu fes, ba wanda ya taɓa tafa masa.

Daga nan Hedimasta ya ɗauko wani da yatsa biyu, kamar mai ɗaukar mataccen ɓera. Ya kumbura, gefensa ya yi baƙi da man inji, bangon yana reto. Na 'yar wani bakanike ne da ke da gareji a bakin titi. Aka sa yarinyar ta hau dandamali ta ɗaga shi sama, ubanta yana tsaye can baya yana murza hula. "Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah," in ji Hedimasta. Aka ce ita da littafi sai baɗi.

Ana watsewa Malamar aji ɗaya ta yafito Sitati zuwa cikin aji. Mace ce da muryarta ta dushe saboda ihu, ga alli har a girarta. Ajin nata yara sun fi bencina yawa, wasu a ƙasa suke zama. Ta sa Aku a gaban allo, ta rubuta kalma ɗaya, ta ce ta karanta. Aku ta kalli allon, ta kalli ubanta, ta ce, "Ga kyanwa." Bokiti aka rubuta. Malama ta nuna mata harafi ɗaya, ta nuna wani. Yarinyar da bakinta ba ya hutawa ta sunkuyar da kai tana wasa da karin siket.

"Ko harafi ɗaya ba ta sani ba," in ji Malama. "Da kunne take ɗauka. In ana karatun baki ɗaya muryarta ta fi ta kowa, shi ya sa ban lura ba sai da na zo gwada su ɗaiɗai. Zan mayar da ita rukunin baya, in ba ta motsa ba kuma sai ta maimaita aji. Matsalar ku iyaye ke nan, ba ku taimaka musu a gida."

Laifi tudu ne, ka take naka ka hangi na wani. Sitati ya juyo ya fuskanci Malama.

"Malama, yanzun nan fa aka tafa min."

"Wannan na tsabta ne."

"Yarinyar da aka ɗora a can sama fa? Ita ta iya?"

Malama ta kawar da kai. "Tana haɗa baƙi. Tana tuntuɓe, amma tana tafiya."

"To ita aka hana littafi, ni aka tafa wa."

"Ba ni na kafa dokar ba, malam," ta faɗa a hankali, tana tattara alli.

Sitati ya kama hannun 'yarsa suka koma shago. Ya zauna a kan wani bulo da ke ƙofa, ya jawo Aku gabansa. Yana ƙoƙarin sassauta murya, amma fushi na leƙowa.

"Ke a aji ba kya buɗe littafinki? In Malama ta ce a buɗe, me kike yi?"

"Ina ajiye shi a kan cinyata."

"A cikin leda?"

Ta gyaɗa kai.

"Don me?"

"Kai ka ce kada in taɓa."

"A gida na ce."

Ta ɗago hannunta ta dube shi, sannan ta dubi ubanta. "Baba, a makarantar ma ai wannan hannun ne."

Sitati ya sauke mata hannun a hankali. Zango guda cur 'yarsa tana zaune cikin yara, kowa na bin layi da yatsa, ita tana gadin leda. Ya ji haushin Hedimasta da jawabinsa na ɓeraye, ya ji haushin wanda ya buga littafin yara da takardar da ba ta jure numfashi, ya ji haushin Malama da ba ta taɓa leƙa cinyar yarinya ba. Amma duk inda ya kai haushin sai ya dawo masa gida. Da uwar ta dawo ta ji labari, ba ta ɗaga murya ba, gara ma da ta ɗaga.

"Garin neman gira an rasa ido ke nan," ta ce. "Sai ka rataye tafin a bango mu riƙa kallo."

Sabon zango aka ba Aku littafi na biyu, mai jan bango, Hedimasta da kansa ya miƙa mata yana cewa a gaida Baba. Ran nan Sitati ya share teburi, ya ɗora ta a kai, ya ajiye littafin tsirara a gabanta.

"Buɗe."

Ta cusa hannuwanta a hammata.

"Na ce ki buɗe. Na janye waccan maganar. Taɓa abinki."

"Zai yage."

"In ya yage ba komai."

"Za a ɗora ni a sama kamar 'yar gareji."

Ta ga abin da idonta, wane lallashi ne zai goge shi? Ya buɗe mata da kansa, ya sa yatsa a ƙarƙashin kalmar farko, yana haɗawa da ƙyar: jaki. Ta maimaita, jaki, amma idonta na kan bakinsa, ba kan takardar ba. In ya kamo hannunta zai ɗora a shafin sai ta ƙanƙame jiki ta fara hawaye. Uwarta ta gwada ranar hutunta, da wasa da waƙa, abin bai yi ba. Kwanaki suka yi ta tafiya haka. A makaranta tana can rukunin baya kusa da taga, kuma ta daina kawo karatun baki gida. Mai aski har ya leƙo yana tambaya ko yarinyar ba ta da lafiya ne, shagon ya yi shiru da yawa.

Wata rana da azahar babu wuta, Sitati yana aiki da dutsen gawayi. Aku tana zaune a ƙarshen teburi, littafin a gabanta a rufe, hannuwa a hammata kamar kullum. Ya dube ta, ya dubi jan bangon nan mai sheƙi da ko ƙura bai yarda ta sauka a kai ba. Wannan abu dai, da bai kai tafin hannunsa biyu ba, shi ya mayar masa da 'ya bebiya. Ya buɗe dutsen, ya hura garwashin har ya yi ja, ya rufe. Ya jawo littafin gabansa, ya ɗora dutsen a kan bangon, ya danne.

"Baba, zai ƙone."

"Na sani."

Ƙauri ya tashi. Duk jikinsa na ce masa ya ɗaga, bai ɗaga ba sai da hayaƙi ya fito ta gefe. Da ya cire, ga sawun dutse baƙi ƙirin a tsakiyar bangon, ya cinye rabin kan jakin. Ya tura mata shi.

"Ga shi nan, ya riga ya ɓaci. Ni na ɓata, ba ke ba. Duk abin da za ki yi masa yanzu ba zai kai wannan ba."

Aku ta daɗe tana kallon tabon. Can ta zaro hannu ɗaya, ta taɓa gefen ƙunar da ɗan yatsa don ta ji ko da zafi. Sannan ta ɗaga bangon.

Ba a rana ɗaya aka yi ba, kuma ba da daɗi aka yi ba. Malamin na tuntuɓe, ɗalibar na gardama. Yakan ajiye dutse ya bi layi da yatsansa mai kanta, ita ta bi bayansa da nata. Wani lokaci ta riga shi da ka, sai ya rufe hoton da tafin hannu ya ce, "Ban da kunne, da ido za ki faɗa min." Takan yi fushi ta sauka daga teburi, ta zaga bayan shago, ta dawo. Kayan mutane suka fara makara, lauya ya yi ƙorafi, Sitati ya ba shi haƙuri bai kuma fasa ba. Ranar da ta fara haɗa kalma da kanta, ba hoto ba taimako, kalmar tulu ce. Ta faɗe ta a rarrabe, ta sake faɗa a haɗe, sai ta zaro ido kamar an kira sunanta daga cikin takardar.

Akwai kuma abin da ke cin Sitati tun ranar taro. Wata yamma ya taka har gareji, ya tsaya nesa da man inji, ya yi sallama da bakanike.

"Ranar da aka ɗora 'yarka a sama, ni aka tafa wa," ya ce. "Abin bai bar ni ba. In an tashi makaranta ka riƙa turo ta shago, akwai littafi."

Bakanike ya goge hannu da tsumma ya dube shi sama da ƙasa. "Kai da littafinka ke kwana a leda? Hannun 'yata fa irin nawa ne."

"Turo ta haka nan."

Daga nan littafi ya shiga uku. Yara biyu na jan shafi ɗaya, wannan ta ce ita za ta juya, waccan ta ce layinta ne. Gefensa ya naɗe, tsakiyarsa ta saki, Sitati ya ɗinke da zare da allura, ya sake saki, ya sake ɗinkewa. Shafin da jaki ya ƙi tafiya ya yi baƙi da sawun yatsu, don nan suka fi so. Shago ya koma ba a jin kunne, har mai aski ya fara cewa da ma an bar shi da shirunsa.

Ƙarshen zango aka karɓi littattafai, aka ce hukunci sai ranar komawa, a taron safe, kafin a raba na uku. Ran nan Sitati ya rufe shago, ya sa rigarsa mafi kyau. Hedimasta yana ɗaga jan littafin ya ga sunan da ke jiki, sai fuskarsa ta canza kamar wanda aka ci amanarsa.

"Wannan gidan? Gidan da na yi misali da shi? Ina yarinyar? Ta hau nan."

Aku ta fara fitowa daga layi. Sitati ya ratsa ta cikin yara, ya dafa kanta ya mayar da ita, ya taka matakalar ya hau dandamali.

"Malam, sauka. Wannan na yara ne."

"Ranka ya daɗe, cewa ka yi duk wanda ya ɓata. Ina wurin, a rana nake tsaye. Ni na ɓata."

Ya karɓi littafin daga hannun Hedimasta, ya ɗaga shi sama iya tsawon hannunsa. Yara suka fara ƙyalƙyala dariya, ganin ƙaton mutum a wurin masu laifi. Bai motsa ba, bai sauke hannu ba, har dariyar ta mutu don kanta. Kunya na cin sa har tafin ƙafa, amma fushi ya fi ta ƙarfi.

"Ƙunar nan ni na yi ta, da dutsen guga, da gangan," ya ce. "Sauran dattin kuma na karatu ne. Na hau, an gan ni. Ni a hana ni littafi har shekara ta fita. Ita a ba ta nata."

Hedimasta ya gyara tabarau. Ba mugu ba ne, irin mutanen nan ne da in suka kafa doka sai su koma bauta mata.

"In na ba ta, gobe kowane uba zai zo ya ce shi ya yaga. Doka doka ce, malam. Ka sauka."

Haka aka yi. Aka raba littafi na uku, mai shuɗin bango, aka tsallake Aku, aka tsallake 'yar bakanike da wasu yaran. Ragowar aka mayar ofis aka kulle a kabad, inda babu hannun da zai ɓata su. A bakin ƙofa Malama ta tari Sitati, ta yi ƙasa da murya kamar mai faɗin abin kunya. Ta ce ta dawo da Aku bencin gaba, kuma zancen maimaita aji ya wuce. Ya yi mata godiya a taƙaice, don bakinsa ɗaci yake.

Da aka tashi ya dawo ɗaukarta. Yara na fitowa kowa rungume da shuɗin littafi, wasu iyayen har sun zo da leda. Jakar Aku ba komai sai fensir da robar ruwa. Suka kama hanya tana riƙe da ɗan yatsansa. Tana tafe tana tsayawa, duk allon shagon da suka wuce sai ta ja shi ta haɗa abin da ke jiki, a hankali, tana kuskure tana gyarawa. Shi kuwa yana ta shirya abin da zai ce mata in ta fara kuka, bai samo ba.

Sun kusa layinsu ta ɗago kai.

"Baba, da ban taɓa wancan ba, da sun ba ni shuɗin ko?"

Ya so ya yi mata ƙarya, amma bai iya ba.

"Da sun ba ki."

Ta ci gaba da tafiya tana shurin wani ɗan dutse a gabanta.

"To in yi me da shi?" ta ce.